Makon da Kowa Ya Zauna a Tagarsa

Ranar da masu binciken suka zo, Rawiya Bayumi tana tsakiyar gyaran lalo ne a ƙarƙashin teburinta. Ta shimfiɗa jarida a cinya, tana tsinkar ganye tana zubawa a leda, wani tsoho kuwa na tsaye a bakin taga ta huɗu tun ɗazu yana jiran a buga wa takardarsa hatimi. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan tagar, a hawa na uku na wani ofishin adana takardu da ke tsakiyar Alƙahira, kuma ba ta taɓa ganin baƙo ya hau benen nan da alheri ba. Ko dai mai neman fayil ɗin da ya ɓata, ko mai kawo sabuwar doka.

Abin da ya fara ba ta haushi lifta ce. Shekara uku ana ce musu ta lalace, suna hawa da ƙafa suna haki, sai ga shi yau ta buɗe baki ta fito da shugaban ofishin, Ustaz Bahgat, yana washe haƙora, da wani ƙaton mutum mai rinannen gashi a gefensa. Can daga baya wata siririyar budurwa ta ɓullo ta matakala, goye da jaka, hannuwanta biyu riƙe da kwali.

Aka rufe tagogi, aka tara ma'aikata goma sha tara a ofishin shugaba. Ƙaton shi ne Farfesa Wagdi Sarhan daga wata jami'a, budurwar kuma mataimakiyarsa, Daktora Yumna. Farfesa ya kalli kujerar robar da aka ajiye masa, ya ce bayansa ba ya jure irinta, sai Ustaz Bahgat ya turo masa tasa mai tayoyi da hannunsa. Ya nutse a ciki, aka kawo masa shayi, ya fara jawabi, ma'aikata na tsaye a jikin bango.

"Zama, jama'a, shi ne annobar wannan zamani," in ji shi. "In mutum ya daɗe a kujera, jini ya rage gudu, sukari ya taru, zuciya ta sha wahala. Mu so muke mu auna, mu san awa nawa ma'aikacin gwamnati ke yi a zaune."

Minti arba'in ya yi yana wannan, bai ko gyara zama ba.

Ustaz Fikri Girgis, mai taga ta biyar, ya matso kusa da kunnen Rawiya, wadda yake kira da sunan ɗanta. "Ummu Tamir, in maganarsa gaskiya ce, ai gawa ce ke mana jawabi."

"Yi shiru," ta ce. "Kar ka sa ya miƙe, ya faɗi a hannunmu."

Abin da za a auna da shi wata 'yar na'ura ce da ba ta kai akwatin ashana ba. Za a manna wa kowa a cinya da filasta, ta kwana bakwai a jikinsa, ba cirewa ko a wanka. Daktora Yumna ta yi bayani sau biyu cewa ba a rubuta sunan kowa, lamba ce kawai, kuma babu wanda zai ga sakamakon wani. Ta kuma ɗibi jinin kowa don gwaji. Matan kuwa ta kai su ɗakin da suke salla, ta durƙusa a gabansu ɗaya bayan ɗaya.

Da aka zo kan Rawiya, ta kalli tsakiyar kan yarinyar ta ce, "'Yata, shekara nawa kika yi a jami'a?"

"Goma sha ɗaya, Madam, har da ta ƙwarewa."

"Goma sha ɗaya! Don ki gano cewa zama ba shi da kyau? Uwata ba ta san alif ba, amma in ta gan mu a zaune da takalmi take tashinmu. Da kin zo na faɗa miki, ba sai kin ɗaga wa mutane siket ba."

Matan suka kwashe da dariya. Yumna ta yi murmushin dole, ta danne filastar da babban yatsa. "Kowa ya san ba shi da kyau, Madam. Nawa ne ya yi yawa, shi ne ba a sani ba sosai. Ke dai ki yi harkokinki yadda kika saba."

Baƙi na shiga lifta, Ustaz Bahgat ya dawo ya tsaya a tsakiyar zaure, hannuwa a baya. "Na tambayi Farfesa," ya ce. "Abin nan yana rubuta kowane taku, da awarsa da mintinsa. Ranar Lahadi mai zuwa zan san masu aiki, in san masu yawon kasuwa da albashin gwamnati."

Babu wanda ya tuna masa maganar lamba. A ofishin da sai ka sa hannu kafin a ba ka biro, wa zai yarda akwai takardar da ba suna?

Gaskiyar magana kuwa, a wannan ofishin ba a zama. Ƙarfe goma na yi Rawiya take sauka ta tafi kasuwa neman tumatir mai sauƙi, ta zaga ta gidan burodi, ta dawo ta hau bene uku da kaya. Wasu su tafi ɗauko yara daga makaranta, wasu su tafi biyan bukatar da su kaɗai suka sani. Shi kuwa Ustaz Fikri, a shekara hamsin da tara, babu wanda ya taɓa ganinsa minti goma a wuri ɗaya. Siriri ne kamar sandar rake, yana da ciwon sukari, kuma kullum sai ya taka har kantin maganin ƙanensa, tafiyar rabin awa, ya taya shi jera kaya, ya dawo da labarai. Kujerarsa ta fi sanin rigarsa da ke rataye a kanta fiye da shi.

Tun daga safiyar Litinin kowa ya manne. Takwas da rabi an cika, ba mai motsi har ƙarfe uku. Mutanen da suka saba yin sati suna zarya suka ga ana karɓar takardarsu a buga mata hatimi nan take. Wata tsohuwa ta riƙe tata tana jujjuyawa, ta leƙo tagar Rawiya ta ce, "Lafiya, 'yata? Minista ne zai zo?"

"A'a, Hajja. Ciwo ake auna mana."

Har banɗaki aka daina zuwa sai dole, don an yi ta raɗe-raɗin cewa na'urar ba ta bambance banɗaki da kasuwa. Ustaz Fikri, wanda saura masa wata goma sha ɗaya ya yi ritaya, ya fi kowa tsorata. Ya daina shan shayi, ya daina shan ruwa, don kar fitsari ya tashe shi. Ko a gida, in ji shi, a kujera yake yini, don in an ga takunsa da yamma za a iya cewa da rana ya yi shi, lokacin aiki.

"Kai fa ba ka da hankali," in ji Rawiya ranar Talata. "Tashi ka zaga. Me Bahgat zai maka? Shi da bai san hanyar ɗakin fayil ba."

"Ke mijinki na da aiki. Ni takardar gargaɗi ɗaya ta ishe ni a ƙarshen nan."

"To zauna ka ruɓe."

Ita ma dai ba ta tashi ba. Tumatir ɗin makon nan 'yarta ce ta sayo, masu tsada kuma ruɓaɓɓu.

Ranar Laraba ya nuna mata ƙafarsa ta hagu a ƙarƙashin tebur. Ƙaurin ya kumbura, safa ta nutse a nama, ya ce yana masa zafi kamar an ɗaure da igiya. Ta ce ya je asibiti, ya ce sai an cire abin. Ranar Alhamis wajen azahar ya miƙe zai miƙa wa wani mutum takarda, sai ya dafe ƙirji, numfashi ya gagare shi, ya sulale tsakanin tebur da bango. Lifta ta koma lalacewarta tun ranar Lahadi da yamma, don haka maza huɗu ne suka sauko da shi a kan kujerarsa. A asibiti aka ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, wani guntu ya ɓalle ya tafi huhu. Allah ya sa an kai shi da wuri.

Ranar Lahadi Yumna ta dawo cire na'urorin, ita kaɗai. Rawiya ta bari sai da sauran matan suka fita, sannan ta tura ƙofa da ƙafa.

"Zauna, Daktora. Ke an yarda ki zauna."

Ta kwashe komai ta faɗa mata: maganar Bahgat, kasuwa, kantin magani, shayin da Fikri ya daina sha. Yarinyar ta saurara, almakashi a hannunta, fuskarta na sauya launi.

"Amma ai na ce muku ku yi yadda kuka saba."

"Kin faɗa, kin tafi. Bahgat ya faɗa, ya zauna da mu."

"Me ya sa ba wanda ya kira ni? Lambata na jikin takardar da na ba ku."

"Takardar? Da ita muka naɗe ƙosan ta'amiya."

Yumna ta ciro waya ta kira Farfesa nan take. Muryarsa mai kauri ce, Rawiya na jin komai daga inda take. Yarinyar ta yi bayani da sauri, ta ce awon wannan ofishin bai da amfani, dole a zubar a sake, a kuma kai rahoton abin da ya sami mutumin. Ya bar ta ta gama.

"Awa nawa ya fito a na farkon da kika duba?"

"Ban duba ba tukuna, Farfesa. Amma ko nawa ne..."

"Yumna, na'ura ba ta ƙarya. Ma'aikata ne ke ƙarya. Yanzu sun ji kunyar abin da za a gani, shi ne suke ƙirƙiro miki kasuwa. Taro saura wata biyu. Kawo mini kwalin." Sai kuma ya ƙara da cewa, "Shi mara lafiyar, samo mini takardun asibitinsa. Zai yi mana amfani."

Ya kashe. Yumna ta tsaya tana kallon wayar.

"Shi ke nan ilimin?" in ji Rawiya, tana sosa wurin da filasta ta bar mata ja. "Na ɗauka ya fi haka tsawo."

Bayan wata biyu aka yi taron, a wani otal da ke bakin Nilu, da hantsi. Ustaz Bahgat ya zaɓi ma'aikata shida ya tafi da su a matsayin shaida, aka jera su a layin ƙarshe kusa da ƙofa. Ya sa Rawiya a ciki ne don tana da rigar fita mai kyau. Likitoci kusan ɗari biyu, da 'yan jarida, kowa a kujera mai laushi, sanyin na'ura na kaɗawa. Awa biyu da rabi ana jawabai kan illar zama, babu wanda ya motsa sai masu raba ruwa.

Da Farfesa ya hau, sai ga hotonsu a bango, an rufe musu idanu da baƙin layi, kamar ɓarayin da aka kama. Ya nuna zane mai ja da shuɗi, ya ce ma'aikatan wannan ofishi sun zarce duk inda aka taɓa aunawa, kusan ba sa tashi daga safe har a tashi aiki. Zauren ya ɗauki guna-gunin mamaki. Sannan ya sassauta murya.

"Zan ba ku labarin mutum ɗaya. Mu kira shi Lamba Goma Sha Huɗu. Shekara talatin da biyar bawan Allahn nan yana kan kujera ɗaya, bai san motsi ba. A cikin makon da muke aunawa, a gabanmu, jikinsa ya gabatar masa da sakamako."

Rawiya ta hango Yumna a gefen dandamali, kanta a sunkuye, tana danna masa hotuna. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ƙarya ne!"

Kawuna ɗari biyu suka juyo. Bahgat ya kama gefen rigarta, ta fizge.

"Sunansa Fikri, kuma shekara talatin da biyar ɗin nan a kan ƙafarsa ya yi su. Ku tambayi duk mai shago daga ofishinmu har tashar jirgi. Bai taɓa zama ba sai da kuka manna masa abinku, wannan kuma," ta nuna Bahgat, "ya ce zai kore mu da shi. Mako guda muka yi a zaune don tsoro. Tsoronmu kuka auna, ranka ya daɗe Basha, kuka zana shi da ja da shuɗi."

Wani ɗan jarida ya ɗaga waya. Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya yi murmushin da ake wa yaro mai rigima.

"Kun gani ko, 'yan uwa?" ya ce. "Ga Madam ta miƙe tsaye da kanta. Bincikenmu har ya fara aiki."

Dariya ta ɓarke, aka bi da tafi. Mai gabatarwa ya ce lokacin shayi ya yi. Likitocin suka tashi suka yi wa teburin kek layi, suna ratsa ta gefenta ba mai kallonta, ban da wata tsohuwar likita da ta dafa mata kafaɗa ta ce Allah ya ba ta haƙuri, kamar an mata rasuwa.

Sati bai cika ba takarda ta fito: an mayar da Rawiya Bayumi ɗakin tsofaffin fayil da ke ƙarƙashin ƙasa, saboda bukatar aiki. Bahgat kuma, don a ga ofishinsa ya amfana da ilimi, ya sayo ƙararrawa irin ta makaranta. Kowane rabin awa a buga, ma'aikata su miƙe su ɗaga hannuwa sama sau goma, masu jira a layi na kallo suna tsaki. An ɗauki hotonsa a jarida yana tsaye a tsakiyarsu. Kwana tara ƙararrawar ta yi, wani ya cire mata harshe, ba a kuma sake tambaya ba.

A can ƙasa Yumna ta sami Rawiya wata rana da hantsi, tana kan tsani tana neman wani fayil na shekarar da aka haife ta. Yarinyar ta rame. Ba jaka a bayanta, sai ambulan guda a hannu.

"Na cire sunana daga takardar binciken," ta ce. "Na rubuta wa kwamitin jami'a abin da ya faru."

"Suka ce me?"

"Sun ce sun karɓa. Farfesa ne mataimakin shugaban kwamitin. Takardar binciken ta fito satin jiya. Ni kuma na koma wani ƙaramin asibiti a Kalyub."

"Madalla. A otal kuwa bakinki ciwo yake yi?"

Yumna ta miƙa mata ambulan ɗin. "Naki ne. Na san lambarki, ni na manna. Bai kamata in kawo ba, amma na ga gara ki gani."

Rawiya ta sauko daga tsanin, ta buɗe, ta ga layuka da lambobi. "Ai na faɗa miki duk ƙarya ne."

"Na ofis ƙarya ne. Dubi nan ƙasa. Daga ƙarfe biyar na yamma, kullum, awa biyar da wani abu ba ki tashi ba ko sau ɗaya. Juma'a da Asabar, awa goma sha ɗaya. Wannan ba Ustaz Bahgat ba ne, Madam. Ba shi da ƙararrawa a falonki."

"Mutum ya dawo daga aiki ba zai huta ba? Kallon talabijin ma sai an nemi izinin jami'a?"

"Ki huta. Amma jinin da na ɗiba ranar farko, sukarinki yana bakin iyaka. Ki je a sake aunawa. Ki riƙa tashi kina zagawa, ko zuwa kicin ne. Ba don Farfesa ba."

Rawiya ta ninke takardar gida huɗu. Sannan ta ce, "Kin gama? Ƙura ce a nan, za ta ɓata miki hijabi."

Ba ta jefar da takardar ba, ba ta kuma nuna wa kowa a gida ba. Sati uku ta yi tana jan ƙafa, sannan ta je aka sake auna ta, aka faɗa mata abin da yarinyar ta faɗa, da kalmomi masu tsawo.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta tafi duba Ustaz Fikri, wanda aka sallama daga aiki kafin lokacinsa saboda rashin lafiya. Gidansa na can ƙarshen unguwar Shubra, tasha huɗu daga nata. Matarsa Madam Afaf ta buɗe mata, ta gan ta tana gumi, ta ruga kawo ruwa. Shi yana baranda, ƙafar cikin doguwar safar asibiti, yana kai da komo a ɗan wurin da bai fi taku shida ba.

"Ummu Tamir! An ce kin yi wa likitoci ɗari biyu wa'azi."

"An tafa mini ma."

"Na ga kaina a jarida. Lamba Goma Sha Huɗu. Ƙanena ya yanke ya manna a kanti, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa ya ce ga malalacin gidanmu." Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke kuma me ya jiƙa ki haka? Da ƙafa kika zo?"

"Motocin ne a cike."

"Ranar Juma'a?"

"Kuma direbobin ba su da tarbiyya," ta ce, ta karɓi ruwan daga hannun Madam Afaf ta shanye a tsaye.